Yadda ake kai mota garejin kamfani a Yamai daga Tawa ba tare da an yi tafiyar banza ba

Daga Tawa zuwa Yamai kilomita kusan 550 ne ta kwalta. Ka gangaro ta Badagishiri zuwa Tsarnawa, ka hau babbar hanya ka ratsa Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Birnin Gaure, sannan ka shiga Yamai. Zuwa da dawowa kilomita 1,100 ke nan. Manyan garejin wakilan kamfanonin mota kuwa, irin su CFAO Motors da ke sayar da Toyota, a Yamai suke. Don haka mai mota a Tawa, balle na Abalak ko Cintabaraden, idan aka ce masa "sai an kai ta kamfani", kwana uku ne aƙalla aka cire masa daga mako, da kuɗin mai, da na masauki, tun ba a kwance ko noti ɗaya ba.

An ce zuwa da kai ya fi aike. A wannan tafiyar sai aike ya gama nasa aikin tukuna. Wanda ya isa Yamai aka ce masa babu piyes ɗin, wato kayan gyaran da motarsa ke buƙata, a Tawa ya yi asarar, ranar da ya tada mota bai buga waya ba.

Mataki na farko: tantance ko aikin na Yamai ne

Ba kowane ciwon mota ne na kamfani ba. Bidanj (sauya man inji), canza fitir na mai da na iska, takalmin birki, buji, batir, gyaran taya, duk makaniken Tawa mai hannu yana yin su, wani lokaci ma ya fi yaron gareji na Yamai kula, don ya san gobe za ku haɗu a masallaci. Abubuwa uku ne, a ganina, suka cancanci wannan doguwar hanya.

Na ɗaya, motar da ke ƙarƙashin garanti. Sabuwar mota galibi ana ba ta shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, amma ka buɗe littafin motarka ka karanta da kanka, sharuɗɗan sun bambanta. Abin da ke cin mutane shi ne sharaɗin da ya ce a riƙa yin aikin kulawa a kan lokaci, a garejin da kamfani ya amince da shi, a buga hatimi a littafi. Ka tsallake biyu, injin ya samu matsala, sai a buɗe littafin a gabanka a nuna maka shafin da babu hatimi.

Na biyu, matsalar kwamfutar mota: makulli mai lamba da ya ɓace, akwatin giya mai canza kansa da ya fara fizga, jakar iska mai kare mutum a haɗari, ko wata fitilar allo da ta ƙi mutuwa bayan an gwada duk dabara. Na uku, idan kamfani ya yi kiran wani samfuri saboda aibin ƙira, kamar yadda aka yi da jakunkunan iska na kamfanin Takata a motoci miliyoyi a duniya. Irin wannan gyaran kyauta ake yi, amma wakilin kamfani ne ke yin sa.

Idan motarka ta hannu ta biyu ce, daga Turai ko Amurka ta zo ta tashar jirgin ruwa, ka san ba ta da garanti a nan, kuma ba lallai ne kamfani na da kayanta a ajiye ba. Corolla ta Amurka da wadda aka ƙera don Afirka suna ɗaya suke amsawa, amma ba kowane piyes ne ke shiga juna ba.

Mataki na biyu: sa mata baliz tun a gida

Motocin yanzu suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona baliz, na'urar da ke karanta abin da kwamfutar motar ta rubuta. Nemi makaniken da ke da ita ya karanta maka. Lambobi za su fito, harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. P0300, misali, na nufin wuta na tsallake a injin, P0420 kuma ta shafi tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Ɗauki hoton allon da wayarka. Kada ka yarda ya goge lambobin don fitila ta mutu ka ji daɗi, domin abin da za a fara nema a Yamai ke nan.

Idan ƙara take yi, ɗauki sautin. Rubuta lokacin da take yin ta: da sanyin safiya ne ko bayan ta yi zafi, a kwalta ko a hanyar jan ƙasa, a kwana ko a miƙe. Motoci suna da halin yin shiru da zarar sun ga makanike.

Mataki na uku: wayar da ta fi komai muhimmanci

Kafin ka kira, ɗauko katgiris, wato takardar rajistar motar, ka kwafi lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ce, kuma tana nan a jikin motar, ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a ginshiƙin ƙofa. Da ita ake gane piyes ɗin da ya dace. "Hilux fara ta 2018" ba bayani ba ne.

Kira sashen gyara, ka faɗa musu tun farko daga Tawa za ka zo. Tura lambar shasi, kilomitan da ke kan allo, hoton baliz da sautin ta WhatsApp. Sannan ka yi tambayoyin nan, kada kunya ta hana ka:

"Malam, piyes ɗin yana hannunku yanzu, ko sai an yi odarsa?"

Idan ya ce akwai, ka ce: "Don Allah a duba magaza a turo mini hotonsa da lambarsa, a kuma ajiye mini shi da sunana." Bambanci ne babba tsakanin abin da kwamfuta ta ce akwai da abin da hannu ya taɓa. Idan ya ce sai an yi oda, ka zauna gidanka har ya iso. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa da suka saba biyowa ta Kwatano sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma kowane ɗan kasuwa ya san yadda hakan ya tsawaita jira. Kada ka kai mota ta yi zaman jiran kwantena a harabar wani.

Nemi a rubuto maka dabi, wato ƙiyasin kuɗin kaya da na aiki, kowanne daban. Nemi rana da sa'a. Ni dai Litinin ko Talata nake ba da shawara. Wanda ya shigar da mota ranar Alhamis, aka gano wani abu da ba a zata ba, ga Juma'a guntuwar rana ce, ga ƙarshen mako, sai ya tsinci kansa yana kwana biyar a Yamai saboda aikin yini ɗaya. Ka kuma riƙe sunan wanda kuka yi magana da shi.

Mataki na huɗu: yi lissafin kilomita da na aljihu

Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, yawanci ana yin bidanj duk kilomita 5,000. Idan kowane bidanj sai ka je Yamai, hanyar kanta ta cinye 1,100, fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Saboda haka mai garanti ya tashi tun allo na nuna saura kamar 600 ko 700, don ya isa daidai kan ƙa'ida. Ya kuma tambayi kamfanin, a rubuce, ko sun yarda a yi ƙaramin bidanj a Tawa da mai da fitir na asali a ajiye rasit, a bar manyan ayyuka sai an zo. Amsar da suka ba ka, ka adana ta.

Wajen kuɗi, motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 110 zuwa da dawowa. Idan lita na wajen sefa 500, jika 55 (sefa 55,000) ke nan a mai kaɗai, gazuwal (dizal) kuma ya fi haka tsada. Ƙara peyaj (kuɗin hanya), abinci, masauki idan ba ka da ɗan'uwa a can, da kuɗin taksi a cikin gari tun da motarka na gareji. Kan dabin da aka turo maka ka ɗora wani abu, da wuya a buɗe mota a tsaya daidai inda aka ce. Ba sai ka ɗauki kuɗin a jikinka ba. Tura su ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana ka karɓa a Yamai.

Tun da za a yi tafiyar, tara duk ƙananan ayyukan da ka daɗe kana ɗagawa a yi su gaba ɗaya.

Mataki na biyar: shin motar za ta iya kai kanta?

A nan ne ake yin ganganci. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa da ke tsaye a allo, mota kuma na tafiya lafiya, ana iya lallaɓawa da ita. Idan tana ƙiftawa, ko jar fitilar man inji ta kama, ko allurar zafi na hawa, ko birki na nutsewa, kada ka hau hanya. Gyaran jika ɗari zai koma sayen inji a wajen Dogon Dutsi. Nemi babbar mota ta ɗauke ta, ko ka tambayi garejin kamfanin ko za su iya turo ma'aikaci da kayan, kuɗin motarsa a bas ɗin Rimbo ko STM ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan za ta iya, kai ta wurin makanikenka kwana ɗaya kafin tafiya ya duba mai, ruwan radiyata, man birki, bel, iskar tayoyi har da ta sakur (tayar ajiya). Ka tabbata jak da makullin taya suna ciki. Ɗauki jarkar ruwa, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Takardu kuma ka haɗa su a jaka ɗaya: katgiris, asirans (inshora), binyet (shaidar biyan harajin mota), bizit teknik (takardar gwajin lafiyar mota), parmi (lasin tuƙi), katin ɗan ƙasa, da littafin motar. Idan direba za ka tura, rubuta masa takardar izini, ka kuma gaya wa garejin cewa duk abin da ya wuce dabi kai za a kira.

Cika tanki a gidan mai. Man ƴan ruwa-ruwa na kwalba yana iya zuwa da ruwa ko ƙasa, kuma idan aka tarar da su a tankin motar da ke da garanti, ka ba da hujja a kanka da hannunka.

Mataki na shida: hanya

Tashi bayan sallar asuba, ka isa kafin la'asar ko da ka tsaya cin abinci a Dutsi ko Doso. Kada ka yi tafiyar dare: amalanken jaki ba shi da fitila, raƙumi ba ya kauce wa mota, manyan motocin albasa kuma sukan lalace su tsaya a kan kwalta. Tambayi direbobin tasha labarin hanya a ranar da za ka tashi, tsaro da ruwan damina duka, su ne suka fi kowa sani. Riƙe tikitin peyaj har ka isa. Wajen Kure ka rage gudu, raƙuman dawa na tsallakawa.

Mataki na bakwai: a cikin gareji

Je da wuri, kafin layi. Cire kuɗi, takardu da duk abin da kake ji da shi daga motar. Ku zagaya ta tare da mai karɓa, a rubuta kilomita, yawan man da ke tanki, da duk wani ƙarce da ke jikinta. Ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Karanta takardar aiki kafin ka sa hannu, idan Faransanci na ba ka wahala ka tafi da wanda zai karanta maka, babu abin kunya a ciki. Ka faɗa a fili cewa kada a ƙara wani aiki sai an kira ka, kuma a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire, sai dai waɗanda garanti ya biya, su kamfani kan riƙe.

Idan aka kira ka aka ce an ga wani abu, je ka gani da idonka. Tambayi ko na gaggawa ne ko zai iya jira, kuma ko makaniken Tawa zai iya sa shi idan ka sayi piyes ɗin ka tafi da shi. Sau da yawa amsar ita ce e.

Mataki na takwas: kada ka kama hanyar gida daga ƙofar gareji

Karɓi faktir, wato takardar lissafin kuɗi, mai ɗauke da lambar kowane piyes, ka ga an buga hatimi a littafi, an kuma rubuta kilomitan aiki na gaba. Sannan ka yi yawo da motar a Yamai na kamar sa'a guda: cikin cunkoso, da na'urar sanyi a kunne, sannan ka fita bakin gari ka taka ta. Ka bar ta ta kwana. Da safe leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigon mai ko ruwa, zaro sandar mai ka duba, tada ta da sanyi ka saurara. Matsalar da ta dawo kana Yamai tafiyar minti ashirin ce. Wadda ta dawo kana Ƙonni ta sa ka sake kilomita sama da 400.

Kafin ka fita, sayi abin da zai kai ka zuwa tafiya ta gaba: fitir na mai guda biyu, na iska aƙalla ɗaya saboda ƙurar hunturu, na gazuwal idan motar dizal ce, da galan na man inji irin wanda suka zuba. Ɗauki hoton kwalayen yadda lambobin za su fito sosai. Wata rana da za ka aika a sayo maka a Yamai, ko Sakkwato ta Ƙonni, hoton nan za ka tura, a sa maka kayan a bas ka karɓa a tashar Tawa washegari.