Yadda za ka kalli harba rokar Indiya ka gane abin da ke faruwa

Da yawa muna kallon bidiyon harba roka, mu ga wuta da hayaƙi, mu ce ikon Allah, shi ke nan. Alhali in ka san abin da za ka lura da shi, mintuna ashirin ɗin nan sun fi wasan ƙwallo riƙe mutum wallahi.

Fara da lokaci. Hukumar binciken sararin samaniya ta Indiya, wato ISRO, tana nuna harbin kai tsaye a YouTube daga tsibirin Sriharikota da ke jihar Andhra Pradesh, kuma agogon Indiya yana gaban namu na Najeriya da Nijar da awa 4 da rabi, sai ka cire. Chandrayaan-3 da ta tafi wata an harba ta ranar 14 ga Yuli 2023 da ƙarfe 2:35 na rana a can, a nan kuwa 10:05 na safe ne.

Sai ka duba wace roka ce. In siririya ce doguwa da ƙananan rokoki ɗaure a gindinta, PSLV ce, jakin aikinsu kenan, ita ta kai kumbon Mangalyaan hanyar duniyar Mars a 2013, ita ta saki taurarin ɗan adam 104 a tashi ɗaya a 2017. In ƙatuwa ce da manyan tuluna biyu a gefe, LVM3 ce.

Da ta tashi kar ka ɗauke ido, za ka ga ba ta daɗe a miƙe ba sai ta fara karkata, ba matsala ba ce. Tsawo kaɗai ba ya ajiye tauraro a sama, gudu ne, sai ya kai kusan kilomita 28,000 a awa a kwance yana zagaya duniya, in ba haka ba ƙasa zai dawo kamar dutsen da ka jefa.

To nan ne inda na fi so. Roka hawa-hawa take, PSLV hawa 4 ce, kowane hawa da injinsa da mansa, da man ya ƙare sai a yar da kwangon saboda ɗaukar tankin da babu komai ciki asarar ƙarfi ne, shi ya sa za ka ji ana sanarwa ana tafi duk lokacin da wani ɓangare ya rabu. Hawa na 1 da na 3 daskararren mai ne, in ya kama ba a kashe shi sai ya cinye, na 2 da na 4 na ruwa ne, ana iya sarrafa shi. Kuma roka tana ɗauke da abin da ke ba wutar iskar oksijin, don can sama babu iskar da za ta shaƙa. Hular da ke kan rokar ma za ta tsage biyu ta faɗi bayan an wuce iska mai kauri.

In LVM3 kake kallo, jira hawa na ƙarshe, ka kalli fuskokin injiniyoyin. Injin nan yana ƙona haidirojin da aka sanyaya ya zama ruwa, digiri 253 ƙasa da sifili. Indiya ta nemi fasahar a wajen Rasha, Amurka ta matsa lamba aka fasa ba ta a farkon shekarun 1990, suka zauna suka ƙera nasu, ya faɗi a 2010, sai a Janairun 2014 ya yi aiki a kan wata rokarsu mai suna GSLV. Mutanen da suka fara da ƙaramar rokar Amurka a ƙauyen masunta na Thumba a 1963 ke nan, waɗanda rokar SLV-3 da masanin roka Abdul Kalam ya jagoranci ƙerawa ta faɗa musu teku a 1979 kafin ta yi nasara a 1980.

Kar ka rufe bidiyon da hayaƙi ya ɓace, jira sai an sanar tauraron ya rabu da rokar. Na Chandrayaan-3 ya ɗauki kusan minti 16.