Darasi: Yadda Narkakken Dutse Ke Hucewa Ya Zama Sabon Dutse

Toh iyayena da yayyena, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwane ya ga yadda suke narka gwangwani su zuba cikin yashi su bari ya huce ya fito tukunya, ai ya riga ya gane rabin darasin yau. Can ƙarƙashin ƙasa da nisa akwai inda zafi ke kaiwa har dutse ya narke ya koma kamar kunu mai kauri, masana na ce masa magma, in kuma ya samu kafa ya ɓullo waje ta bakin dutse mai aman wuta sai a ce masa laba. Abu ɗaya ne fa, wurin da yake ne ya raba sunan. Zafinsa kan kama daga digiri 700 zuwa 1200, ruwan shayinmu kuwa a digiri 100 yake tafasa, sai ku auna.

Ga abin da nake so ku riƙe: yadda ya huce, da sauri ko a hankali, shi ke sa a samu dutse iri kaza.

Wanda ya maƙale a ƙarƙashin ƙasa bai fito ba, kamar tuwon da aka rufe a kula ne, ba ya saurin hucewa, sai ya yi dubban shekaru yana sanyi kaɗan-kaɗan, wannan jinkirin ne ke ba ƙwayoyin cikinsa damar girma har ido ya gan su. Irinsa ne giranit, tsakuwar nan da tifa ke kawowa wajen gini. Ku ɗauki guda ku wanke ku duba a rana, za ku ga ɗigo-ɗigo, wani fari, wani jaja-jaja, wani kamar fasasshiyar kwalba, ga baƙi mai ƙyalli. Wani zai ce to Malam, in a ƙarƙashin ƙasa ya daskare ya aka yi muke ganinsa a sama? Ruwan sama da iska ne suka yi miliyoyin shekaru suna kwashe ƙasar da ta rufe shi, shi kuma da yake mai tauri ne ya ƙi ci, ya tsaya ƙiƙam. Haka aka samu dutsen Kufena a Zariya da na Kwatarkwashi a Zamfara, da Zuma na hanyar Abuja wanda hotonsa ke bayan tsohuwar takardar naira 100.

Shi kuwa wanda ya fito fili iska ta buge shi, nan da nan samansa ke yin ɓawo, ƙwayoyin ba su samu sukunin girma ba, sai ya zama baƙin dutse mai nauyi da ake kira basalt, wani ma da huji-huji inda iskar gas ta fice. Tudun Biu a jihar Borno irin wannan ne, laba ce ta yi ta malala tana hawa kan wadda ta riga ta bushe har wuri ya zama tudu, kuma in wannan dutsen ya ruɓe da daɗewa ƙasar noma yake bayarwa mai kyau. Dutsen Wase a Filato shi labarinsa daban, a maƙogwaron dutse mai aman wuta narkakken ya daskare, jikin ya zaizaye ya bar toshiyar tsaye ita kaɗai.

Kar ku ɗauka duk tarihi ne. A 1999 Dutsen Kamaru ya yi amai, laba ta gangaro har ta datse titin bakin teku kusa da garin Limbe, a 1963 kuma wani sabon tsibiri, Surtsey, ya ɓullo daga cikin teku a kudu da ƙasar Aisland, inda da babu komai sai ruwa.

Aikin gida: kowa ya zo da tsakuwa biyu ranar darasi mai zuwa, ɗaya mai ɗigo-ɗigo ɗaya wadda ba ta da shi, ya rubuta a littafinsa inda ya tsince su da launin da ya gani. Sannan a kwafi kalmomin nan sau uku-uku: magma, laba, giranit, basalt. Wanda jikansa ya rubuta masa zan gane hannun.