Shawara ga mai fara aiki da ESP32 a kan batir

'Yan uwa, duk mai son koyon rubuta manhaja don ƙananan na'urori masu haɗuwa da intanet, a ganina ya fara da ESP32, ƙaramar kwakwalwar na'ura ta kamfanin Espressif, wanda ya fito a 2016, domin Wi-Fi da Bluetooth suna jikinsa, kuma ana rubuta masa umarni da Arduino IDE ko MicroPython.

Abin da ya kamata a koya tun da wuri shi ne sanya shi barci mai nauyi, wato kashe yawancin sassansa na ɗan lokaci don adana batir. Yayin aika bayanai ta Wi-Fi yakan ja miliyamf 200 ko fiye, amma a cikin barcin bai wuce kimanin maikuroyamf 10 ba (maikuroyamf dubu ne ke yin miliyamf ɗaya). Saboda haka na'urar auna danshin ƙasa a gonar noman rani ta farka, ta auna, ta aika, sannan ta koma barci na minti 30. A lura cewa farkawar tamkar kunna shi ne daga farko, don haka duk lambar da ake son ta tsira sai a ajiye ta da RTC_DATA_ATTR, alamar da ake rubutawa a cikin umarnin don a adana lambar a ma'ajiyar da ba ta gogewa lokacin barcin.

Sai dai allon gwaji mai ɗauke da ESP32 da ake saya a kasuwa yana yaudarar mutane, domin ƙaramar fitilarsa da na'urar daidaita wutarsa suna ci gaba da shan batir ko da ESP32 yana barci. Kada a dogara da takardar kamfani kawai. A jona mita tsakanin batir da allon a ga ainihin abin da yake ja. Ƙafafun ESP32 kuma, wato wuraren jona waya, bolt 3.3 suke ɗauka, bolt 5 na iya lalata su.