Yadda Ake Amfani da Kalmar Taiga a Rubutun Hausa

Duk mai rubutu ko fassara labarin yanayi zai ci karo da kalmar taiga, kuma abu na farko da ya kamata ya sani shi ne cewa ba kowane dajin ƙasa mai sanyi ake kira haka ba. Taiga ita ce dajin da ya zagaye can arewacin duniya, daga Siberiya a Rasha zuwa Finland, Suwidin da Norway, sannan Kanada da Alaska, kusan tsakanin digiri 50 zuwa 70 arewa da ikweta. Daga harshen Rashanci kalmar ta bazu, kuma su Rashawan kan ƙarfafa gaɓar ƙarshe wajen furta ta.

Wajen rubutawa, a bar ta yadda take, domin haruffanta sun dace da ƙa'idar Hausa. Tunda ta ƙare da wasalin "a", a ɗauke ta a matsayin mace: taigar Siberiya tana da faɗi. Idan aka ambace ta a karon farko, a haɗa da ɗan bayani, kamar "taiga, wato dajin arewa mai bishiyoyi masu ganye siriri kamar allura".

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fassara ta da kurmi. Kurmi yana kawo wa mai karatu hoton duhuwa, ɗumi da ruwan sama, alhali taiga wuri ne da hunturu ke cin rabin shekara ko fiye, lokacin ɗumi kuwa gajere ne, har a garin Berkoyansk da ke Siberiya aka taɓa auna sanyin digiri 67.8 ƙasa da sifili a 1892. Yawancin bishiyoyinta ba sa zubar da ganye, sai dai a gabashin Siberiya, inda ƙasa ke daskare a ƙarƙashi, akwai wani iri da ke kaɗe allurarsa kafin hunturu.

Kada kuma a rikita ta da tundura, filin da ke arewa da ita inda bishiya ba ta iya tsayawa. A Kanada an fi kiran dajin "boriyal", taiga kuma sukan bar ta ga gefen arewa inda bishiyoyi suka yi jefi-jefi, saboda haka mai ba da labarin gobarar da ta ƙone kimanin hekta miliyan 15 a can a 2023 zai fi dacewa ya ce dajin arewacin Kanada.