Yadda za ka nuna wa ɗalibai hasken sodiyam na sama da gishirin miya

Malaman kimiyya a Kano kan yi kukan rashin kayan gwaji. Wannan darasin kuwa gishiri, ruwa, guntuwar wayar ƙarfe da murhun gas kawai yake buƙata.

Fara da jiƙa gishiri a ruwa kaɗan. Lanƙwasa bakin wayar, ka riƙe ta da filaya saboda zafi. Rage hasken ɗakin amma ka bar taga a buɗe, ka kunna gas har wutar ta zama shuɗiya. Tsoma wayar a ruwan gishirin ka kai ta gefen harshen wutar. Nan take wutar za ta koma ruwan ɗorawa, irin hasken tsofaffin fitilun titi. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin ne ke ba da wannan launin.

Kada ka yi gaggawar bayani. Bar su su yi mamaki tukuna, sannan ka ce musu wannan launin yana can sama da kawunansu kowane dare.

Tsakanin kilomita 80 zuwa 105 akwai shimfiɗar ƙwayoyin sodiyam, ragowar ƙananan duwatsun sama da ke ƙonewa idan sun shigo iskar duniya, wato abin da muke cewa tauraro ya yanke. Masanin taurari Vesto Slipher ya gano haskensu a 1929, masanin kimiyya Sydney Chapman ya bayyana dalilinsa a 1939.

A nan ɗalibai suka fi ruɗewa, don haka ka dakata. A murhu zafi ne ke sa sodiyam haske, can sama kuwa sanyi ne mai tsanani. Sodiyam kan fizgi ƙwayar oksijin ɗaya daga ozon (iskar da ke da ƙwayoyin oksijin uku a haɗe), sai wata ƙwayar oksijin da ke yawo ita kaɗai ta ƙwace ta, ta bar shi da rarar ƙarfin da yake saki a matsayin haske. Ya koma yadda yake, ya sake zagayen. Da magariba kuma, bayan duhu ya rufe Dala, rana tana nan tana haska shimfiɗar, sodiyam na karɓar hasken yana mayarwa.

Za su tambayi dalilin da ba sa ganinsa. Ya yi rauni ga ido daga ƙasa, sai da na'ura.

A ƙarshe fito da kanwa daga aljihu ka maimaita gwajin da ita. Sodiyam da ya gangaro ƙasa da kilomita 80 yakan haɗu da tururin ruwa da iskar kabon ya zama bikabonet, sinadarin da ke cikin kanwar da ake sayarwa a Kurmi.