Yadda nake aiki da siririn harafi mai kama da rubutun hannu

Na daɗe ina tsara fosta da bangon littafi a kwamfuta, kuma babu salon haruffan da ya taɓa yaudarata kamar siririn nan da ake zanawa da hannu. A kan allo gwanin sha'awa ne: layinsa bai miƙe sarai ba, wani harafin ya ɗan ɗara ɗan'uwansa tsawo, sai ka ce wani ne ya zauna da alƙalami mai tsinin baki ya rubuto maka. Muryarsa ƙasa-ƙasa take. Shi ya sa yake dacewa da littafin yara, da katin gaisuwa, da sunan kaya a jikin kwalba, amma ba ya ɗaukar dogon bayani.

Na koyi haka ne da tsada. Wani bangon littafi na tsara, na sa farin rubutu siriri a kan shuɗi mai duhu, girmansa maki 10 (maki shi ne ma'aunin girman harafi). Da aka kawo daga maɗaba'a sai na ga rabin haruffan sun shaƙe, "e" ta koma kamar "o". Laifina ne. Launi mai duhu irin wannan ana haɗa shi ne da tawada kala-kala, ɗaya bisa ɗaya, kowace tana ɗan nasowa cikin takarda, kuma ba lallai su sauka daidai wuri guda ba. Farin layi mai kaurin gashi ina zai tsira? Tun daga ranar nake sa rubutun ya zama mai duhu, bayansa mai haske. In dole sai fari a kan duhu, to bayan ya zama tawada guda ɗaya, harafin kuma a ƙara masa girma sosai.

Maki ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 72 na inci, kuma ni ba na saukar da irin wannan harafi ƙasa da maki 24. Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet tana neman bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1, ko 3 zuwa 1 in rubutun babba ne. Sai dai launi wannan lissafin yake aunawa, bai san sirantar layi ba. Harafinka zai iya cin jarrabawar, mai karatu kuma yana ta ƙanƙance ido a wayarsa. Don haka ka wuce adadin da nisa.

Kafin ka amince da kowane salo, buga masa kalmar da harafi ke maimaituwa, kamar "babbaka". Dubi "a" ɗin guda uku. In duk kamarsu ɗaya tamkar an buga hatimi, asiri ya tonu, domin hannun mutum ba ya rubuta harafi iri ɗaya sak sau biyu. Masu kyan suna zuwa da siffa fiye da ɗaya ga harafi guda, fasahar OpenType da aka gina salon a kanta tana musanya su da kanta. Salon Caveat da ke Google Fonts, rumbun salailan haruffa na Google, yana yin haka. Wani lokaci sai ka kunna wannan zaɓin da kanka a manhajar da kake aiki da ita.

Gwaji na biyu namu ne masu rubuta Hausa. Buga ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu. Da yawa cikin waɗannan salailai ba a zana musu haruffa masu lanƙwasa ba, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ka ga ƙatuwar "ƙ" zaune tsakiyar siraran haruffa kamar baƙo. In take ne kawai mai kalma uku ko huɗu, nakan mai da rubutun zane, in ɗora lanƙwasar da hannuna da kaurin layi ɗaya. In aikin da yawa, kuma lasisin salon buɗaɗɗen nan ne na ƙungiyar SIL, an yarda ka gyara shi a manhajar gyaran haruffa irin FontForge, sai dai ka karanta sharaɗin suna, don sau da yawa dole ka canza masa suna.

Kada ka danna maɓallin kaurara rubutu in salon bai zo da nasa mai kauri ba. Kwamfuta za ta kumbura layin ne kawai, kyan ya tafi. Salon Amatic SC da Vernon Adams ya zana yana da nasa mai kauri da aka tanada, irin wannan za ka nema.

Abokin tafiyarsa ya zama harafi mara kwalliya, kamar Open Sans ko Lato. Shi zai ɗauki bayani, da kwanan wata, da lambobi, don 1 da 7 na rubutun hannu suna rikita mutane. Salon hannu biyu a shafi ɗaya kuwa, ban taɓa ganin inda suka zauna lafiya ba. Tazara tsakanin haruffa nakan ɗan buɗa ta in a rarrabe suke. In masu haɗewa ne ba na taɓawa, don mahaɗar za ta tsinke.

Kafin aiki ya bar hannuna ina buga shi a takarda da ainihin girmansa, in manna a bango, in ja baya taku uku. Sannan in tura hotonsa wayata, in rage hasken allo zuwa rabi. Kalmar da ta ɓace min, ita nake komawa in ƙara wa girma.