Yadda Ake Amfani da Kalmar "Sorry" a Wurin da Ya Dace

Idan Bahaushe ya ga mutum ya yi tuntuɓe ko ruwan zafi ya zubo masa, "sannu" ce ke fara fita daga bakinsa, kuma idan da Turanci ake magana sai yawancinmu mu maye gurbinta da "sorry". A Najeriya kowa zai gane cewa jaje ake yi, amma mutumin Ingila ko Amurka yakan amsa da cewa ai ba laifinka ba ne, domin a kunnensa kalmar, idan ta zo ita kaɗai, neman afuwa ce.

Tarihin kalmar kuwa ya fi goyon bayanmu. A tsohon Turanci na fiye da shekara 1000 da suka wuce, ana cewa "sārig", wato mai jin raɗaɗi ko baƙin ciki, daga "sār" mai nufin ciwo, wadda ita ce ta koma "sore" a yau. Mutane da dama suna ɗauka daga "sorrow", wato baƙin ciki, ta fito, alhali tushensu daban ne, kamannin sauti da na ma'ana ne kawai suka haɗa su. Ke nan jin zafin abin da ya faru shi ne ma'anar farko, neman gafara daga baya ya biyo.

Kafin ka furta ta, fara tambayar kanka ko kai ne ka jawo abin. Idan kai ne, ambaci laifin da sunansa, kamar ka ce "I am sorry for being late" idan ka makara, domin hakan ya fi nuna cewa ka san abin da ka yi. Idan kuma ba ka da hannu a ciki, kada ka bar kalmar tsirara, ƙara mata abin da zai fayyace niyyarka: wanda ya ba ka labarin rashin lafiya ka ce masa "I am sorry to hear that", wanda aka yi wa rasuwa kuma "I am sorry for your loss". Shi kuwa wanda ya faɗi a gabanka, Turawa tambayarsa suke yi ko lafiya, da cewa "Are you all right?", kuma a ganina wannan bai kai "sannu" taushi ba, amma shi ne abin da suka saba ji.

Akwai wasu amfanin da ba su da wahala. Idan aka ɗaga murya a ƙarshenta, daidai take da "na'am?" ta wanda bai ji abin da aka faɗa ba. Idan ta zo gaban suna, kamar "a sorry state", tana nufin hali na ban takaici.

Wurin da ya kamata ka fi taka-tsantsan shi ne wasiƙar aiki, ko lokacin da aka yi haɗarin mota a ƙasar waje, inda ana iya ɗaukar kalmar a matsayin amsa laifi. Wannan matsala ce ta sa lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ya kafa doka a 2009, wadda ta ce ba da haƙuri ba zai zama hujjar ɗaukar alhaki a shari'ar neman diyya ba. A inda babu irin wannan doka, ka tsaya ga tambayar lafiyar wanda abin ya shafa.